Gilashin da ke Kwance a Idon Inna

Shekarun nan da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ne farar yana ta rufe idon Inna na dama. Maƙwabciyarmu a Bagudo, wata Kirista 'yar kudu da muke kira Maman kemis, ita ta ɗauke ta suka tsallaka iyakar Benin, zuwa wani asibitin mishan. Aka cire yanar, aka sa mata ɗan gilashin roba a cikin idon. Inna ta dawo tana zura zare a allura da kanta.

Ba a daɗe sosai ba gani ya fara dushewa, sannan rana ɗaya ya ɗauke. Yayyena maza suka ce dama sun faɗa. Wa ya ga lokacin da aka sa gilashin? Wa ya san abin da aka ɗura mata a can, inda ko yarensu ba ma ji? Suka hana Maman kemis shigowa ɗiga mata magani, suka bi unguwa suna cewa a yi hattara da shagonta. Ni ba na yarda da mutum da wuri, don haka zargina ya hau kanta kamar na kowa. Sai dai abu ɗaya ya tsaya mini a rai: Inna, wadda ba a fin ta baki, ba ta taɓa sa baki a maganar ba. Da an fara sai ta ja carbi.

Jiha mun samu, amma na'urar hoton cikin ido ta zauna a Sakkwato, dole can na kai ta. Likita ya sa ta rufe idon, ya shafa wani mai mai sanyi a fatar, ya ɗora kan na'urar yana jujjuyawa. A allon, idon ya fito baƙi kamar cikin tukunya, can ƙasa wani ɗan abu fari yana kwance.

“Ga gilashin nan,” in ji shi. “An sa shi. Faɗawa ya yi bayan ido.” Ya haska fitila gefen ƙwayar, ya daɗe yana dubawa. “Inna, wa ya soke ki a nan?”

Ta ja carbinta. Nan na tuna bikin da ta ce za ta je Kaoje ita kaɗai, ana saura kwanaki kaɗan ganin ya ɗauke. Kaoje kuwa akwai masu aikin ido na gargajiya da ke sauka ranar kasuwa, suna ture yanar ido da allura ta faɗa ciki.

“Na ɗauka yanar ce ta komo,” ta ce a hankali. “Shi ko mai allurar bai san da gilashi ba, ni kuma ban hwaɗi mai ba.”

Mutumin ya yi aikin da ya iya, ya ture abin da ya tarar. Haushi ya cika ni har na kasa kallonta a mota.

Da muka iso Bagudo ban shiga gida ba, na wuce kemis. Babu kowa a shagon sai ita, tana goge kwalaben da ba mai saye. Na fara kame-kamen bayani, ta katse ni.

“Na sani. Ni ke ɗiga mata magani ai. Ranar da ta dawo daga Kaoje na ga wurin allurar.”

“To me ya hana ki faɗa, ana ta zagin ki?”

“Ta riƙe hannuna ta ce kada yaranta su ji.” Ta miƙo mini ƙaramar kwalba. “Safe da yamma. Ki ja fatar ƙasa a hankali, ba ta son a taɓa ta sama.”