Mutumin da Ya Saki Zare

Ina yaro a Horo Birni, kakata Inna takan hura wuta bayan magariba, mu jikoki mu kewaye ta. Shekarar ce Nasara suka kwashi maza aikin hanyar mota, gari ya rage sai tsofaffi da awaki da mu yara, ni kuwa na fi awakin ɓarna. Ni ke zama gaba, don maraya ne ni, babana ya rasu ina ɗan kwana shida. Zazzaɓi, in ji mutanen gida.

Tatsuniyarta ɗaya na fi jin haushi. Wani mutum ne aka yi wa haihuwa, ya ɗauki gora da ƙugiya ya tafi gulbi neman kifin suna. Giwan ruwa ya kama, wanda in ni ke ba da labarin kullum yake ƙara girma har ya kai ɗakin Inna da rumbunta.

"Babban kihi ba a ja da shi," in ji ta. "In ya ja, ka sakam mishi zare. In ya gaji, ka jawo sannu, gora tana sama. Kuma ko mi za a yi, kada ka naɗe zare ga hannu."

"To mi sunan mutumin?"

"Angona, kai dai saurara. Ba ya da suna."

Daga hantsi har la'asar suna fama. Da kifin ya nufi zurfi, sai mutumin ya saki zare ya dawo gida hannu wofi, aka yi ta yi masa dariya, aka yi suna da tuwo da miyar kuka.

"Wannan ai rago ne, Inna! Da ni ne, da haƙori zan riƙe."

Sai ta shiga gyara itacen da bai buƙaci gyara ba.

Bara Inna ta rasu. Ranar sadakar uku ina ba baƙi tatsuniyar, ina kwaikwayon ragon, kawuna ya ja ni bayan rumbu.

"Bai saki ba," ya ce. "Ya naɗe zaren ga hannu. Kwana biyu muna nemansa cikin ruwa."

Sai a lokacin na tuna babana ne ɗan farinta, kuma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Shekara da shekaru ke nan tana dawo da shi gida lafiya, ni kuwa ina zaune gabanta ina ce masa rago.