Tabarmi Babu Kowa a Ƙofar Gidan Mutari

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga Fabarairu 1974, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Mutari Illa a gidan mahaifinsa cikin Birni, nan Damagaram. Ma'aikacin gona ne na gwamnati. Ya bar matarsa Lubabatu da ƴaƴa ƙanana. Ni na koya masa karatu a lakwal, kuma shi na sa rai zai sa ni a rami.

Mutari, an aiko mini cewa in yi maka addu'a kawai in kama bakina. Zan yi addu'ar, amma sai na faɗi abin da na sani.

Har furfura ta fito maka ba ka daina ce mini Mushe ba, yadda ƴan lakwal ke kiran malaminsu, ba ka taɓa shiga zaurena da takalmi ba. Da na bar aiki ƙafafun mutane suka ɗauke, kai kaɗai ke biyowa in ka shigo gari, ka ajiye mini gyaɗa, ka zauna ina zagin zamani kana dariya. Da dokinka ya mutu a farin nan, da ƙafa ka ci gaba da zaga ƙauyuka kana roƙon manoma kada yunwa ta sa su cinye iri.

Bara aka ba ka rabon hatsin taimako a wani ƙauye na ƙasar Dogo. Da kamyon hatsin ya iso, Ɗan Azumi, shugaban kwamitin parti na ƙauyen, ya ce a sauke a ƙofar gidansa, ƙarƙashin tuta, maroƙi na ambaton parti duk tiyar da aka auna. Ya kuma ce akwai unguwar da za ta jira sai in ya yi saura, don shekaru da yawa da suka wuce mutanenta sun jefa wa wasu ƙuri'a. Waɗanda suka halarta sun gaya mini amsarka.

"Baba Ɗan Azumi, doka ta hana ni aikin parti ina kan aikin gwamnati. A bakin rijiya zan auna."

"Yaro, wa ya ba ka aikin in ba parti ba?"

"To, parti ta aiko a karɓe. Kafin nan, kowa ya kawo ƙwaryarsa."

A bakin rijiya ka auna, ba tuta, ba maroƙi, kuma unguwar nan ta samu kamar kowa.

Dokar nan na san ta, na karanta ta da Faransanci tun kana ɗaukar allo. Ta ce ma'aikaci na kowa ne, kada ya ɗauki kujerarsa ya kai wa wani ɓangare. Na yarda da ita, na koya muku ita da alfahari. Tun daga lokacin na ga manyan ma'aikatan gwamnati sanye da yadin parti a ranar aiki, na ga motar gwamnati tana kwasar mutane zuwa taron tafi, ban ga dokar ta ɗaga kai ba. Sai a kanka ta farka.

Ba su iya kama ka da rabon ba, don ko ƙwaya ba ta ɓata ba. Sai ƙyanda ta shiga unguwar, ta ɗauki jikokin tsoho Modu, wanda kowa ya sani da tsohuwar adawa. Ka yi abin da duk ɗan Musulmi ke yi. Ka je, ka cire takalmi, ka zauna a tabarma, aka shafa fatiha, aka ba ka ruwa ka sha. Kafin mako ya zagayo an kira ka nan Damagaram, an ce ma'aikacin gwamnati ya halarci taron siyasa a gidan ɗan adawa. Ka ce musu zaman makoki ne. Suka ce mutane nawa ne a wurin, wa ya yi magana, me aka ce bayan addu'a. Aka tura ka can arewa, wurin da ko tsiro babu balle a nemi ma'aikacin gona. Daga can aka dawo da kai kwance, tari ya gama da ƙirjinka.

Yanzu ga tabarmi an shimfiɗa a ƙofar gidanku. Maƙwabta sun zo, maɗinka da majeman unguwa sun zo. Daga abokan aikinka ko mutum ɗaya bai zauna ba. Na ga Tahiru, wanda kuka yi aji ɗaya, ya tsaya a bakin lungu, ya waiga hagu da dama, ya ɗaga hannu ya shafa daga nesa, ya juya. Ban zarge shi sosai ba, yana da bakuna a gida, kuma akwai wani mutum da ba wanda ya san shi da yake zama a gindin bango tun ranar jana'iza, ba ya addu'a, sai kallo. Jiya Lubabatu ta aiko daga cikin gida tana tambaya ta ko mijinta wani abin kunya ya yi a wurin aiki. 

Da hantsin yau tsoho Modu ya iso, a ƙafa tun daga ƙasar Dogo, dugadugansa sun tsage. Ya dubi mutumin gindin bango, ya yi masa sallama, ya cire takalmi, ya zauna a tsakiyar tabarma. Na matsa kusa da shi.

Ku ma'aikatan Damagaram, ranar Litinin za a yi sadakar bakwai. Ku buɗe dokar ku duba, ba inda ta hana gaisuwar mutuwa. Matar nan tana bayan zaure tana sauraren muryoyin da ta sani.

Allah ya jiƙan ka, Mutari, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya auna maka rahama yadda ka auna wa bayinsa ba tare da tambayar na wane ne ba. Allah ya ba Lubabatu da ƴaƴanka da dangi haƙuri, ya raya abin da ka bari. Allah ya saukar mana da ruwa, ya cire mana tsoron zama a tabarmar junanmu. Amin.