Ranar Da Na Ba Bokitin Fenti Umarni

Shekara goma sha shida na yi a sojan ruwa, kuma na bar aiki ina da mutum goma sha biyu a ƙarƙashina. Da wani kamfanin jiragen kaya ya ɗauke ni a Jidda, na zo ina hura hanci, a zatona su ne za su koya a wurina. Aka duba takarduna aka ce kwanakina a teku sun isa, amma jirgin yaƙi daban, na fatauci daban. Sai na ci jarrabawar aikin hannu za a ba ni shaidar cikakken ma'aikacin saman jirgi. In na faɗi ba za a sabunta mini iƙama, takardar izinin zama, ba, in koma wa matata da 'ya'ya huɗu hannu rabbana.

Maƙwabcina a unguwar Bani Malik wani dattijo ne Bahaushen Sudan, wanda ya tsufa a aikin jirgi. Da na ba shi labari sai ya kama tafin hannuna ya jujjuya.

"Soja, wannan hannun nuni ya sani, bai san ja ba. Yalla, gobe bayan la'asar ka hauro saman bene."

Na ji haushi, amma na je. Mako uku ina ƙulla igiya a jikin tankin ruwa, yana zaune da shayinsa yana cewa, "Kwance, sake." A hankali yatsuna suka tuna abin da girma ya mantar da su, har na fara jin daɗin abin.

Ranar jarrabawa zafin Jidda ya sauko tun da hantsi, riga ta manne mini a baya. Mai jarrabawar wani kyaftin ne marar fara'a. Ƙulli na ci, riƙon sitiyari na ci. Sai ya nuna gefen jirgi ya ce in saukar da tsanin igiya, wanda jagoran tasha ke hawowa da shi daga kwalekwale.

Ban san lokacin da na goya hannu a baya ba. Na juya, na buɗe murya irin ta fareti:

"Mutum biyu kan tsani, ɗaya ya kawo tayar ceto!"

Babu kowa a bayana sai bokitin fenti.

"Su wa kake kira?" in ji kyaftin.

Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga shi ko ƙasar babu. Na ce, "Yallaɓai, tare muka yi ritaya."

Bai yi dariya ba, agogonsa ya duba. Na jawo tsanin ni kaɗai, nauyi kamar buhun gero. Na ɗaure, na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, na rataye tayar ceto a kusa. Da na gama bai taɓa ƙullin ba. Ajiye takardarsa ya yi, ya ƙetara ƙarfen gefe, ya fara sauka. Ina kallon tsakar kansa yana nisa, ruwa na motsi a ƙasa. Rabon da ran mutum ya rataya a ƙullin hannuna, ba na wanda na aika ba, har na manta. Tsoro ya kama ni, daɗi ma ya kama ni.

Ya hauro, ya karkaɗe wandonsa, ya sa hannu a takardar.

"Halas, ka ci," ya ce. "Gobe ƙarfe bakwai. Ka zo kai kaɗai."