Ƙasar da Ta Zubo a Shagon Waya

Na taɓa fita a guje daga wani shagon waya a Gaya ina ihun za ta rufta, alhali babu rijiya a wurin. Har in mutu ba zan manta da ranar ba.

Haƙar rijiya ce sana'ata. Rijiya ta taɓa ruftawa da mu a Gafasa. Mu biyu muka shiga, ni kaɗai aka ciro da rai. Tun daga nan nake jin zubar ƙasa a kunnena ko ina zaune a gida. Sai na samo dabara. In na ji, sai in juya kai. In ƙarar ta biyo ni, tsoro ne kawai. In ta tsaya inda take, bango ne ke saki, sai in girgiza igiya a ja ni. Da haka na ci gaba da ciyar da iyalina.

Wata ranar kasuwa na leƙa shagon ƙanen matata. Ya ɗauko hedifon, irin mai rufe kunne duka biyu.

"Yaya, zo ka ji abin duniya, kai da ba ka san komai ba sai laka."

"Lakar ce ke ciyar da yayarka," na ce.

Ya ɗora mini yana dariya, ya danna waya. Sai na ji tsakuwa na gangarowa ta haguna. Na juya kai. Ba ta biyo ni ba. Tana nan jikin bango, tana ƙaruwa.

Na ture teburinsa, na finciko wata tsohuwa da ta kawo caji, na yi waje da ita. "Ku fito! Za ta rufta!"

"Ɗan nan sake ni, aljanu gare ka?" in ji tsohuwar. Masu babur suka taru.

Ƙanen matata ya biyo ni, dariyar ta ɗauke. "Wallahi Yaya, sautin gwaji ne. Abin yana gane ka juya kai, sai ya bar sautin inda yake, kamar gaske."

"Ya san na juya?"

"Ya sani."

Nan na gane ana iya yaudarar dabarata.

Da na koma rami na ji zubar ƙasa, na juya, ta tsaya. Na san babu hedifon a kaina, amma na tsaya ina shakka kafin in taɓa igiya. Allah ya sa ƙasar kaɗan ce. Ban sake shiga ba.

Kada ka ɗora wa mutum abin wasa a kunne ba ka tuna abin da kunnen ya taɓa ji ba. Yanzu ina Kademi ina noman gero.