Baƙo a Falon Hulda

Idan ka shigo layinmu a Katsit, ba sai an nuna maka gidan Hulda ba. Shi ne mai tukwanen furanni a bakin baranda, an jera su daga babba zuwa ƙarami. Mu sauran kuwa sai Kirsimeti ta matso muke tunawa da fenti, shi ma gaban gida kawai, inda masu wucewa za su gani. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun da na ajiye alli na yi ritaya ba ni da aikin da ya wuce sanin halin da maƙwabta ke ciki. Don haka abin da zan faɗa, da idona na gan shi.

Hulda 'yar Baba Andrawus ce, mutumin Madakiya da ya ƙarar da ƙarfinsa a reluwe, ya gina gidan nan da kuɗin sallamarsa. Tun tana ajina a firamare muryarta ta fita daban. In aka ba ta karatu a coci, har masu gyangyaɗi a bencin baya sai sun ɗaga kai. Ta karanci aikin jarida, ta daɗe tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kaduna tana neman abin da ta karanta, har wani gidan rediyo a Abuja ya ɗauke ta karanta labarai. Baba Andrawus ya bi layin nan gida-gida yana shela. Har wanda ba shi da rediyo sai da ya ce masa ya saya.

Ba ta kai ga fara aikin ba mahaifiyarta, Mama Tamar, ta faɗi a bakin murhu, ba ta sake tashi ba. Bayan jana'iza ne aka gane abin da marigayiyar ta daɗe tana rufewa: kan Baba ya fara zubar da abubuwa. Yakan fita da takalmi ƙafa ɗaya, yakan tambayi inda Tamar ta je alhali a gabansa aka binne ta. Aka yi zaman iyali. Derrick, yayan Hulda da ke Legas, ya yi dogon jawabi a kan girmama iyaye, ya kawo ayoyi, sannan ya duba agogo ya ce motarsa za ta tashi. Hulda ta roƙi gidan rediyon su ɗaga mata ƙafa, suka ɗaga. Ta sake roƙo, suka ce ba za su iya jira ba, wata ta shiga gurbin. Da na yi mata jaje sai ta ce, "Baba ɗaya ne, Mama. Aiki zai sake zuwa." Mama take ce mini tun tana yarinya. Aikin bai sake zuwa ba.

Da fari gidan ba ya rabuwa da mutane. Zumuntar mata suka zo suka yi waƙa, fasto ya zo ya yi addu'a, tsofaffin reluwe suka zo suka tuna zamanin da jirgi ke cika garin nan da hayaniya. Amma ciwon da ba ya warkewa kuma ba ya kashewa, masu dubiya ba sa jure masa. A hankali ƙafa ta ɗauke. Wani malamin kwaleji da ke zuwa zance ya koma gaisuwar waya, daga nan sai katin aurensa ya iso. Aka bar Hulda da tsoho, da fansho mai zuwa in ya ga dama, da abin da Derrick ke aikowa in ya tuna. Nakan ji ta ta katanga tana yi wa Baba hira tun safe, muryar nan da aka so ƙasa duka ta ji, shi kuwa amsarsa ba ta wuce "To". Kaɗaici ne tsagwaronsa, kuma ya fi na wanda ke zaune shi kaɗai ciwo.

Labule ne ya fara. Wata rana ta shiga kasuwa sayen magani ta bi ta rumfar Eucharia, 'yar Ibon nan mai yadi da aka haifa a kwatas ɗin reluwe. Eucharia ba ta barin mutum ya wuce hannu rabbana.

"Sista Hulda, zo ka gani," in ji ta. "Wannan yana wankuwa, kala ba ya fita. Ɗauka, idan bai yi kyau a windo ba ka dawo mini da shi."

Yadi ne ruwan ƙwai mai zanen ganye. Hulda ta ɗinka shi da keken mahaifiyarta ta rataya. Ta gaya mini cewa da rana ta bugo shi falon ya yi haske, sai ta ji numfashinta ya sauka har ciki, abin da ta daɗe ba ta ji ba.

Daga nan abin ya zame mata jiki. Ta kankare tsohon shuɗin fentin da Baba ya shafa tun ginin gidan, ta shafa sabo mai launin ruwan madara da hannunta. Kujerun katako masu lotsattsun kushin ta ba ni su kyauta, ta sa kafinta ya yi mata wasu. Kabad ɗin kwanonin Mama Tamar ya koma sito, tare da tarin kalandun coci da ke rataye a ƙusa ɗaya, sabuwa a kan tsohuwa. A gurbinsu ta jera faifai da ƙwarya mai zane a bango, ta ɗinka rigunan matashi da ragowar atamfa. Ɗakin Baba ma ya samu rabonsa, da sabon zanen gado da labulensa. In ta gama wuri guda takan kira ni in gani, ta tsaya tana kallon fuskata kamar yarinyar da ta kawo jinga.

Matan layi suka sa ta a baki. Wai wa take yi wa, ba miji, ba baƙo. Na ce da su mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wadda ba ta taɓa wanke wa tsoho jiki ba ta ja bakinta ta yi shiru. Mutumin da ya yini yana gina magana tana rushewa, yana bukatar abu ɗaya da zai ajiye da yamma ya same shi a wurin da safe. Falon nan ne ya riƙe Hulda, ni shaida ce.

Sai Baba ya fara ce mata "Madam". Da fari muka yi dariya. Amma ga shi yana cire takalmi a bakin ƙofa, yana zama a gefen kushin, hula a kan gwiwa, ba ya jingina. In ta kawo masa paten acca sai ya ci rabi ya ture, ya yi godiya. Da yamma ya miƙe ya ce, "Madam, na gode. Ni zan koma gida." In ta ce, "Baba, nan ne gidanka, ni ce Hulda," sai ransa ya ɓaci, ya ce kada a yi masa wasan yara. Takan kulle ƙofa, shi kuma ya koma kujera ya zauna. Ɗakinsa ya daina shiga. A zaune yake barci, rigarsa a ɓalle har wuya, domin mutanen zamaninsu ba sa miƙe ƙafa a gidan wani, balle su hau gado.

Ƙafafunsa suka kumbura har fatar tana ƙyalli. Likita ya ba da magani, ya ce maganin ba zai yi komai ba in tsohon bai kwanta an ɗaga masa ƙafa ba, kuma in fatar ta fashe gyambon ba zai warke ba. Hulda ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ta taɓa kiran maza biyu su ɗauke shi, ya yi ta kokawa da su yana kiran a taimake shi. Ba ta sake ba.

Derrick ya ba da shawara ta waya, don shawara ba ta da kuɗin mota. Ya ce gidan da Baba ke nema ƙauye ne, a kai shi Madakiya. Muka ɗauki shatar keke mai ƙafa uku, ni da ita da Baba. Can ya gaisa da 'yan'uwa da yarensu, ya sha kunu, ya yi fara'a, sannan ya miƙe ya ce, "Mu koma gida, Tamar yana jira." Duk hanya Hulda tana murmushi, tana ganin in ya shigo daga waje zai gane. Ya gane layin, ya gane mangwaron ƙofar gida, ya tafi kai tsaye. Da ta buɗe ƙofar falo ya leƙa, sai ya ja baya. Ya cire takalmi, ya cire hula, ya ce, "Gafara, masu gida."

Hulda ta tsaya da makulli a hannu. Ta dubi labulen, ta dubi bangon, ta ce, "Mama, ni na ɓatar masa da gida."

Na ce mata ciwon ne, ko ba ta taɓa ƙusa ɗaya ba da haka za a je. Har yau haka nake gani. Ba ta saurare ni ba. Washegari ta zo karɓar kujerun katako. Ta sayo shuɗin fenti ta rufe ruwan madarar, ta fito da kabad daga sito, ta mayar da kalandun kan ƙusarsu. Faifai da ƙwarya suka shiga buhu. Ni na taya ta sauke labulen, raina a ɓace, tana ninkewa tana sa wa a akwati. Ranar da ta rasa aikin Abuja ban ga hawayenta ba, amma ranar nan na gani, ba ta ma ɓoye ba.

Aka shigo da Baba. Ya dubi falon daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya shafa hannun kujera. 

"Madam, kun yi sabon fenti," in ji shi. "Ya yi kama da nawa. Amma nawa ya tsufa."

Ya zauna a gefen kujerarsa ta shekara da shekaru, hula a kan gwiwa.

Cikin watan Agusta ne, lokacin da ruwa ke kwana ya yini a garin nan. Wata la'asar na shiga duba su, ruwa ya tsare ni. Ƙafar Baba ta hagu ta fara tsattsafo da ruwa, Hulda ta naɗe ta da bandeji. Falon ba labule, sai duhun hadari da warin fenti. Can Baba ya ɗauki hularsa ya miƙe da ƙyar, ya ce ya gode, zai koma gida. Na jira in ji ta ce nan ne gidanka, kamar kullum. Ba ta ce ba. Sai ta rusuna kamar yadda ake yi wa baƙo babba.

"Baba, ruwa ya tsare hanya, babu mota," in ji ta. "A gidan nan ba ma barin baƙo ya fita cikin ruwa, abin kunya ne a gare mu. An gyara maka ɗaki."

Ya dubi waje, ya dube ta.

"Maigida ya sani?"

"Shi ya ce a gyara."

Ya juya maganar a ransa. "To," in ji shi, "tun da maigida ya ce."

Ta riƙe hannunsa suka shiga ɗakin da ya gina da kansa, ina biye da su da matashi biyu. Ya zauna a bakin gado, ya ɓalle maɓallin wuyansa, ya kwanta a hankali. Da bayansa ya taɓa katifa sai ya yi wani dogon nishi. Hulda ta ɗaga ƙafafun ta sa matashin a ƙarƙashi.

"Madam, kina da kirki," in ji shi, idonsa a rufe. "Ni ma ina da yarinya kamar ki. Yana Abuja, yana karanta labarai a rediyo. Ba ya samun zuwa, aiki ya yi yawa. Ni na ce kada ya damu da ni, ya riƙe aikinsa."

"Allah ya taimake ta," in ji Hulda. 

"Amin. Idan ya zo, zan kawo shi ya gaishe ki."

"To, Baba. Muna nan."

Ta ja masa bargo, ta tsaya har numfashinsa ya daidaita. Muka fito ta ja ƙofa a hankali. A falo ta daɗe a tsaye. Daga baya ta jawo akwatin nan daga bayan kabad, ta ce in ba na sauri, in riƙe mata kujera ta hau ta mayar da labule kafin baƙonta ya farka.