Makulli da ledar kilishi

Da ledar kilishi na je yi wa mai gidana ban kwana. Shekara uku na yi a ɗakinsa a Montreuil, gefen Paris, ban taɓa makara da kuɗin haya ba. Da na samu aiki a Lyon, sai na ga rashin kunya ne in aika wa sa'an babana wasiƙar rekomande, wadda sai ya sa hannu zai karɓa, kamar mun yi faɗa. Tun wata guda kafin in tashi na faɗa masa da baki. Ranar tafiya na hau benensa, na tambayi ciwon gwiwarsa, na danƙa masa makulli hannu da hannu. Nan take ya buɗe ledar, yana ci yana tari saboda yaji. Ko guntun takarda ban nema ba, don mu a Damagaram haka ake barin gidan mutum.

Bayan shekara biyu na shiga neman gida mai ɗaki biyu a Lyon. Matata da 'yarmu suna Damagaram, kuma hukuma ba ta yarda ka kawo iyali sai ta ga wurin da za su kwana. Na sha yawo kafin in samu wani, har da 'yar taga mai kallon makarantar yara. Takardun banki kawai suka rage in kai. A satin nan katina ya ƙi aiki a shago, ina tsaye da shinkafa a hannu.

Ma'aikaciyar banki ta ce kotu ce ta sa aka riƙe kuɗina. Wace kotu? Ashe tsohon nan ya kai ƙarata, wai na gudu ban sanar da shi ba, yana bi na hayar wata shida. An kai sammaci tsohon ɗakina, ya ce bai san inda na shiga ba. Aka yi zama babu ni, aka ba shi gaskiya. Masu gidan Lyon na ganin takardun banki suka ce in yi haƙuri, suka ba wani.

Wallahi har yau in na tuna, sai raina ya ɓaci. Bai san inda na shiga ba! Mutumin da kowace Sallah nake aika wa kilishi ta gidan waya, da adireshina ɓaro-ɓaro a bayan kwali!

Lauyar da na samu ba ta raga mini ba. Ta ce, "A ƙasar nan gaisuwa ba hujja ba ce. Ina takarda?" Na ce babu, sai dai saƙonninmu na waya. Ta karɓa tana yatsina fuska, tana wuce barka da Sallah ɗaya bayan ɗaya, can sai ta tsaya. Sati biyu da tashina ya rubuto mini godiya, har ya ƙara da cewa ya sam wa sabon ɗan hayarsa kilishin, shi ma ya yi tari. Wato watannin da yake bi na, akwai mutum a ɗakin yana biyansa. Rashin tsoron Allah bai wuce wannan ba.

Muka shigar da ƙorafi, na yi ta zirga-zirga a jirgin ƙasa tsakanin Lyon da Paris. Aka karanta saƙon a gaban alƙali, aka soke hukuncin, aka sake mini kuɗina. Amma babu alƙalin da zai dawo mini da gidan nan. Neman iznin kawo iyalina ya koma farko, aka ƙara shekara cur. 'Yar da na baro tana rarrafe a zuwana gida na ƙarshe ta fara magana a waya, tana tambayar uwarta wane ne wannan mutumin.

Da muka fito daga zauren kotu, tsohon ya dogaro sandarsa ya nufo ni, ya miƙo hannu, ya ce, "Bonjour, ya iyali?" Tun da uwata ta haife ni ban taɓa barin gaisuwar babba ta faɗi ƙasa ba. Na dubi hannun nan da na saka wa makulli, na zuba nawa a aljihu, na wuce.