Maliki da Fankar Hita

Maliki mutumin Tsamaye ne, kuma tun yana saurayi ba a san shi da zama wuri ɗaya ba. Ko tuwo yakan ci shi a tsugune, kamar wanda ake jira a ƙofar gida. A farin 1984, da geronsa ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, sai ya sayar da shanun huɗarsa biyu ya sayi wata tsohuwar Fijo akori-kura, ya shiga jigila tsakanin Sabon Birni da Isa.

Motar ba ta da laifin da ya wuce zafi. Da an yi 'yar tafiya sai allurar zafin inji ta hau ja, lagireto ya tafasa, sai an tsaya an zuba ruwa. Ruwa kuwa a shekarar ba abin wasa ba ne. Wata rana a rijiyar Tozai ya miƙa galan, wata dattijuwa mai suna Kande, wadda tun safe take jiran guga ya kawo gare ta, ta dube shi ta dubi motar.

"Ɗan nan, mutane ba su sha ba, ƙarhe za shi sha?"

Maliki ya mayar da galan ɗinsa. Ya zarce Isa wurin Usmanu mai gyaran wayar mota, ya kwashe labari ya gaya masa. Usmanu ya nuna masa wani makunni da bai taɓa taɓawa ba.

"Wanga shi na hita. Don ƙasar sanyi anka yi shi. In ka kunna, fanka tana jawo zahin inji ta huro shi cikin mota. Ku za ku gasu, amma inji shi samu sauƙi."

Haka aka yi. A tsakiyar bazara Maliki yana tuƙi da hita a kunne, gumi na zuba, masu zama gaba suna roƙon a mayar da su baya wurin buhuna. Amma allura ta daina hawa ja.

Sati uku ana haka, sai fankar ta fara halinta. Ta yi aiki daga Sabon Birni, a tsakiyar hanya ta yi tsit. In ya harbi ƙasan dashbod da ƙafa, wani lokaci ta tashi, wani lokaci ta ƙi. Ya koma wa Usmanu. A gaban Usmanu kuwa fanka ta dinga huri lafiya lau. Aka sake fiyus. Kwana biyu ta sake ɗaukewa. Aka kwance makunni aka kankare tsatsa. Aka bi waya aka ɗaure inda ta saki. Zuwa na huɗu Usmanu ya ce, "Maliki, ban iya gyaran abin da bai lalace gabana ba. Ka bar ta nan kwana ukku in kwance ta duka."

"Kwana ukku ina mi?" in ji Maliki, ya riga ya tayar da mota.

A gida matarsa Hajjo ta gaji da shi. Tana magana, shi kunnensa na waje. Sai ya ajiye loma ya fita ya kunna fanka, ya ji tana juyawa, ya dawo, can kuma ya sake fita.

Ranar da abin ya kai maƙura, ya ɗauko wani Bafillace, Malam Yero, da maruƙa biyu da suka rage masa daga garke guda, zai kai su wurin ɗan'uwan Yero a Isa. Rana na tsaka fanka ta mutu. Ya harba, ya sake harbawa, shiru. Allura ta hau, ya gangara gindin wata aduwa ya kashe inji. Babu ruwa a motar sai salkar da Yero yake jiƙa wa maruƙan baki da ita.

Yero ya kwance salkar ya miƙo. "Direba, zuba mata. In munka kwana nan, su ma ba su kai gobe."

Maliki ya daɗe yana duban salkar. "Aje ta, Baffa. Za ni buɗe abin ga in ga mi ag gare shi."

Ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari da sukundireba, ƙarfe na ƙona masa hannu, har ya zaro fankar. Da ya buɗe cikinta sai ya ga ɗan gawayin da ke gogar sandar da take juyawa a kai ya cinye, saura kamar ƙwayar dawa. In mota ta yi tsalle ya taɓa, in ta sake tsalle ya saki. Ya zagaya motar sau biyu yana tsaki. Can ya tuna batirin tocila ma da baƙin gawayi a tsakiyarsa. Ya ciro ɗaya daga tocilarsa ya fasa da dutse, ya zaro, ya dinga gogawa a kan dutsen har ya daidaita. Na farko ya karye. Na biyu ya shiga. Ya mayar da komai, ya murɗa makunni, iska mai zafi ta bugi fuskarsa.

Sun shiga Isa bayan la'asar. Ƙaramin maraƙin bai iya tsayuwa ba da aka sauke shi, aka yanka shi nan take. Babban ya rayu.

Gawayin batir ba ya wuce wata guda, don haka Maliki ya riƙa yawo da matattun batura a aljihu, yana karɓa gida-gida daga masu rediyo. Usmanu da ya ji labari ya ce a nuna masa, daga baya shi ma ya riƙa yi wa wasu.

Da damina ta dawo daidai, Hajjo ta yi ta roƙonsa ya koma gona. Ya yi shuka, ya yi noman fari, kafin maimai ya bar wa ƙaninsa gonar ya koma hanya. Daga baya ya sayar da Fijon ya karɓi tuƙin wata bas mai zuwa Sakkwato, don a cewarsa hanyar Isa ta yi masa gajarta.